Isufu, Mai Ɗumama Ƙasa Kafin Asuba

Shekaru bakwai ko takwas da suka wuce, a wajen wani suna a unguwar Glenwood da ke nan Greensboro, a Amurka, na ji ana zancen wani mutumin Nijar da ya zo garin nan, wai sana'arsa ɗumama ƙasa. Aka ce idan Turawan Summerfield suka kira shi gidajensu, kafin ya buɗe jakar aiki sai ya tuɓe takalmi da safa, ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya lumshe ido, sannan ya gaya wa mai gida abin da ya lalace. Ni da na tashi a gaban kakanni masu ba da labari, na san yadda zance ke ƙiba a hanya. Na ce wa mai maganar ya ƙara mini shinkafa ya rage mini gishiri. Ban yarda ba.

Ranar Talatar ƙarshen watan Oktoba, bayan la'asar, ina zaune a mota a bakin kanti ina jiran maiɗakina, sai wayata ta yi ƙara. Bulus ne, mutumin Filato mai shimfiɗa tayil, abokin aikin Malam Isufu na shekaru da yawa. Bulus ba ya shiga magana sai ya tambayi lafiyar kowa har da motata, amma ranar bai gaishe ni ba. Ya ce, "Alhaji Bala, Isufu ya tafi." Na ce ya tafi ina? Ya ce, "Muna aiki a wani gida a Pleasant Garden. Yana durƙushe gaban bango yana haɗa waya, sai ya dafa ƙirji ya ce in riƙe masa fitila. Na riƙe fitilar, Baba. Fitilar na riƙe." Kafin motar asibiti ta kai shi, rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan labarin ma na so in ƙi yarda da shi, amma muryar Bulus ba ta bar mini inda zan raɓe ba.

Wanda ya rasu ɗin shi ne mutumin da na ji zancensa a wajen suna. Na zo na san shi, na ga tsayuwar nan tasa ba takalmi da idona, na janye musuna a gabansa, shi kuwa ya yi dariya ya ce ai Bakano ba ya yarda da abu sai ya latsa shi kamar tumatir a kasuwa. Shi Badamagare ne, kuma tun daga ranar ba mu taɓa haɗuwa ba tare da mun yi wasan da kakanninmu suka bar mana ba. Ya rasu yana da shekara hamsin da 'yan kai. Ya bar matarsa Hajiya Zainabu, da 'ya'ya uku, da mahaifiyarsa Inna Rabi, wadda ta haura tamanin.

Ya kamata in yi wa waɗanda ke gida bayanin sana'ar, don ni ma na daɗe kafin in gane ta. A ƙasar nan akwai ɗakunan da ake shimfiɗa wayar lantarki a ƙarƙashin tayil, idan wuta ta bi ta cikinta sai ƙasan ɗaki ya yi ɗumi. A jikin bango kuma ana kafa wani ɗan akwati mai allo da maɓallai, ana ce masa tamostat. Shi ake gaya wa ƙarfe nawa zai kunna, ƙarfe nawa zai kashe, da iyakar zafin da ba zai wuce ba. Daga akwatin wata siririyar waya take sauka ta shiga ƙarƙashin tayil guda, a nan take jin ɗumin ƙasa ta kai masa rahoto. Bulus ne mai tayil. Isufu shi ne mai waya da akwati. Mutane da yawa sun iya kafa akwatin. Abin da ya bambanta Isufu shi ne saita shi.

Yakan ce, "Kafin ka taɓa maɓalli, ka tambayi mai ɗakin ƙarfe nawa yake tashi." Na taɓa raka shi gidan wata tsohuwa Baturiya da ta kira shi sau uku tana cewa banɗakinta sanyi. Wasu sun zo sun gwada wayoyi sun ce komai lafiya. Isufu ya zauna a kujerar kicin ɗinta, da Turancinsa mai ɗauke da Faransanci, yana tambayarta yadda take kwana da yadda take tashi. Ashe tun da mijinta ya rasu ta daina kaiwa ƙarfe bakwai a gado, biyar take tashi, akwatin kuwa yana nan a kan lokacin marigayin. Ya matsar mata da lokaci, bai canja ko waya guda ba. Da muka fito ya ce da ni, "Na'ura ba ta ƙarya, Alhaji. Amma abin da aka gaya mata kaɗai ta sani."

Ni ma ya yi mini nawa. Wata rana ya ga ina ɗingishi bayan alwala a lokacin sanyi. Mako na zagayowa ya zo da Bulus da guntun waya da ya rage musu a wani aiki, suka fasa tayil ɗin banɗakina daidai inda nake tsayawa. Da suka gama ya kira ni gaban akwatin ya ce in sa tabarau, zai koya mini. Na ce, "Kai Badamagare, kana nan da ranka, me zan koya?" Ya ce, "Ai shi ya sa kuka kasa da mu tun zamanin kakanni, ba ku son karatu." Muka yi dariya, na je na kawo shayi. Sau uku yana ɗauko mini zancen nan a cikin shekara biyu, sau uku ina kawo shayi.

Amma aikin da ya fi zuba zuciyarsa a ciki shi ne ɗakin mahaifiyarsa. Shekara huɗu ke nan da ya ɗauko Inna Rabi daga gida, bayan 'yar'uwarsa da ke kula da ita ta rasu. Gidansa na Glenwood ƙarami ne, tsohon gini, ɗakin da ya rage shi ne na baya, wanda dā baranda ce aka rufe, ƙasansa siminti zalla. Inna tana da ciwon gwiwa. Likita ya ce ta riƙa salla a kan kujera, malamai ma sun ce mata ya halatta. Ta ce ta ji, ta gode, amma ita tun tana 'yar shekara bakwai take kai goshinta ƙasa, ba za ta zo ƙasar mutane ta gaishe da Ubangijinta a zaune kamar mai jiran mota ba. Da sanyi ya shigo, simintin nan ya riƙa kama mata gwiwa, idan ta durƙusa da asuba sai an ɗaga ta. Abin da ya sa Isufu ya fasa ɗakin ke nan ya shimfiɗa waya. Da ƙasa ta yi ɗumi, gwiwar takan saki, Inna ta durƙusa ta tashi da kanta.

To, akwatin nan ba don mu aka ƙera shi ba. Wanda ya ƙera shi ya san mutumin da ke tashi ƙarfe shida, ya fita aiki takwas, ya dawo biyar, ya kwanta goma, haka kullum. Bai san asuba ba, bai san cewa asuba ba ta zama wuri ɗaya ba, yau tana nan, bayan mako biyu ta matsa. Saboda haka duk Juma'a biyu, idan an sauko daga masallaci, Isufu yakan tsaya gaban bangon ɗakin Inna da takardar lokutan salla a hannu, ya matsar da lokacin kunnawa da 'yan mintuna, yadda ƙasa za ta fara ɗumi awa ɗaya da rabi kafin kiran salla. Yakan ce, "Ƙasa ba ta gaggawa. Idan kana son ta karɓe ka da asuba, sai ka aika mata tun da wuri." Da rana yakan bar ta ta huce, don ya lura idan zafi ya daɗe ƙafafun Inna kumbura suke. Ya mayar da lambobin akwatin irin na gida, ma'aunin zafi na Selsiyos, agogo kuma na awa ashirin da huɗu yadda suka saba a Nijar. Sannan akwai tayil guda a tsakiyar ɗakin da ya sa Bulus ya shimfiɗa mai ɗan duhu fiye da sauran. Na sha ganinsa, na ɗauka tayil ne ya ƙare musu suka cike da abin da suka samu.

Mun yi masa sutura ranar Laraba. Jama'a ta taru yadda ban taɓa gani ba a garin nan: mutanen Nijar, mutanen Najeriya, 'yan cocin su Bulus da suka tsaya a gefe cikin ladabi har aka gama, da wasu Turawa biyu da suka zo da kayan aiki a jikinsu. Daga maƙabarta maza suka zauna a falo, mata suka nufi ɗakin baya wajen Inna da Hajiya Zainabu. Kamar yadda muka saba, ba a barin masu gaisuwa su zauna a kan tayil. Aka aro manyan kafet masu kauri daga gidaje uku, aka shimfiɗe ɗakin da su, ɗaya a kan ɗaya, sai kusurwar da Inna ke salla kawai aka bari, don ita a kan 'yar siririyar dardumarta take yi. Duk wanda ya ɗauko kafet ya kawo, lada yake nema, kuma Allah ya ba shi.

Ranar Juma'a da hantsi Hajiya Zainabu ta kira ni. Ta ce, "Baba Alhaji, ka yi haƙuri, ban san wanda zan kira ba. Wurin sallar Inna sanyi ƙalau. Yau da asuba sai da muka ɗaga ta ni da babbar yarinyar. Ta hana ni faɗa wa kowa." Na ce Bulus fa? Ta ce ta kira shi, ya ce shi tayil ya sani, akwati na Isufu ne. Ta ce, "Kai ne kullum kake tare da shi, na ce ko ya nuna maka."

Abin da ya kamata in ce shi ne bai nuna mini ba, domin na ƙi. Amma mace mai takaba tana kuka a waya, ni kuma dattijo ne da ake kira Baba, aminin mijinta. Na ce ina zuwa.

Na shiga ɗakin da sallama, mata suka gyara lulluɓi suka matsa mini. Na gaishe da Inna, ta amsa a hankali, carbi a hannu. Na sa tabarau na tsaya gaban akwatin. Lambobi ne da 'yan zane-zane, ban gane ko ɗaya ba, sai agogo. Agogon kuwa ya nuna ƙarfe goma, na hannuna yana nuna sha ɗaya. Wallahi sai na ji wani farin ciki ya kama ni a tsakiyar gidan makoki. Na ce a raina ga cutar, agogo ne ya yi baya da awa guda. Na juya na ce wa Hajiya Zainabu, "Abu kaɗan ne." Na danna maɓalli ɗaya, ba abin da ya motsa. Na danna wani, wani rubutu ya fito ya ɓace. Na tuna na taɓa ganin Isufu ya danne biyu tare ya riƙe, sai na danne biyu na riƙe. Allon ya ɗauke gaba ɗaya. Da ya dawo, agogo yana ƙyafta sha biyu, lambar zafi kuma ta tashi daga ashirin da wani abu ta koma saba'in da wani abu. Wata mata a bayana ta ce, "Kai, Alhaji, ka kai shi saba'in, kada ka gasa mu!" Aka yi 'yar dariya, irin ta gidan rasuwa da ake yi ana jin kunya. Ni ban yi ba. Na gane ba zafi na ƙara ba. Akwatin ne ya koma ma'aunin Amurka, ya koma yadda ya fito daga kwali. Duk abin da Isufu ya shekara huɗu yana gaya masa, na share shi da yatsu biyu.

Ranar Lahadi, kwana biyu bayan haka, aka mayar da agogon ƙasar baya da awa guda kamar yadda ake yi duk shigowar sanyi. Ina tsaye a kicin ina juya agogon bango, sai hannuna ya tsaya. Na tuna wata magana da ya taɓa yi muna cikin mota, ni kuma ina sauraron rediyo. Ya ce shi ba ya canja agogon akwatin Inna idan hukuma ta canja nata, a kan lokacin sanyi yake barinsa shekara duka. Ya ce, "Rana ba ta san an canja agogo ba, asuba kuma rana take bi." Agogonsa bai yi baya ba. Da na bar shi kwana biyu, da duk Greensboro ta dawo ta same shi inda yake.

Na kira Bulus na gaya masa gaskiya. Ya ce, "Haba Baba, kai ma?" Sannan ya ce mu haɗu a gidan. Hajiya Zainabu ta nemo mana ɗan littafin akwatin a cikin jakar marigayi. Muka tsaya gaban bango, Bulus yana karanta Turanci, ni ina riƙe da takardar salla. Ya ce, "Ka ga, ni na san karatu ban san asuba ba, kai ka san asuba ba ka san karatu ba. Mu biyu ɗin nan rabin Isufu ne." Na ce rabin ma da ƙyar. Muka yi awa biyu. Muka samu muka sa agogo daidai, muka sa kunnawa ƙarfe huɗu. Muka tambayi Inna washegari, ta ce, "Ya yi, Alhaji. Allah ya yi muku albarka." Muka koma gida da sanyin zuciya.

Bai yi ba. Akwatin ya koma agogon awa goma sha biyu, akwai ƙarfe huɗu na safe akwai na yamma, ana bambanta su da wasu ƙananan haruffa biyu a kusurwar allo da idona ba ya gani, Bulus kuma bai kula ba. Huɗu na yamma muka sa. Hajiya Zainabu tana cikin takaba da baƙi da yara, ta ji Inna ta ce ya yi, ta yarda. Da ta ga tsohuwa tana ƙara nauyin tashi, ta sa aka kawo hita mai hura iska ta ajiye a ɗakin. Inna ta dube ta ta ce, "'Yar nan, ai ba a iska nake durƙusawa ba."

Bayan sadakar bakwai aka naɗe kafet aka mayar wa masu su. Bulus yana taya ɗauka, sai ya tsaya cak a kan tayil ɗin nan mai duhu, ya dafe kai. Ya ce, "Baba, ni na shimfiɗa wannan da hannuna. A nan 'yar wayar take. Isufu ya ce kada a taɓa ɗora komai a kansa." Kafet uku aka jibga a wurin. Zafi ya taru a ƙarƙashinsu ba hanyar fita, 'yar wayar ta ji zafi ta gaya wa akwati ɗaki ya yi, akwati ya kashe wuta, kusurwar Inna ta zauna da sanyinta. Cutar ke nan tun farko. Ba abin da ya lalace. Da na sunkuya na ɗaga gefen kafet ranar Juma'ar nan, da shi ke nan. Na tambayi Hajiya Zainabu ko Inna ta san da zancen tayil ɗin. Ta ce ta sani sarai, shekara huɗu ko takalmi ba ta bari a ajiye a kansa. Amma mutane sun zo yi mata gaisuwar ɗanta, sun shimfiɗa abin zama, ba za ta buɗe baki ta ce su naɗe ba.

Muka ɗauka da an ɗauke kafet magana ta ƙare. Muka sake tambayar Inna, ta sake cewa ya yi. Sai da aka ƙara kwana takwas, ranar da gwiwar hagu ta kumbura har ta kasa miƙewa, Hajiya Zainabu ta sa tafin hannunta a kusurwar bayan sallar asuba ta ji ta kamar dutsen rafi. A ranar aka kai Inna asibiti, a ranar kuma muka kira wani kamfani. Mutumin da suka turo, wani Ba'amurke mai fara'a, bai yi minti goma ba ya gano huɗun yamma. Ya tambaye mu wa ke buƙatar ƙasa mai ɗumi da ƙarfe huɗu na safe. Bulus ya ce masa tsohuwa ce mai ganawa da Allah. Mutumin ya gyaɗa kai, ya saita. Kafin ya tafi ya nuna mana wani maɓalli guda a ƙasan allon, ya ce da mun danna wannan kawai, da ƙasa ta zauna da ɗumi dare da rana har mu samu mai gyara. Maɓalli guda. Na sha ɗora yatsana a gefensa.

Likita ya ce gwiwar dā ma ta gaji, shekaru ne, sanyin ya ƙarasa abin da ya tarar. Ya ce kada ta sake durƙusawa. Mutane sun yi ta faɗa mini haka don in samu sauƙi, cewa ko ba ni ba ranar tana tafe. Mai yiwuwa ne. Amma Isufu ya shekara huɗu yana tare ranar nan a bakin ƙofa da yatsa ɗaya da takardar salla, mu kuma da muke cewa muna ƙaunarsa ba mu iya riƙe ta kwana ashirin ba.

Na yi mako biyu ban iya taka gidan ba. Ranar Juma'ar da ta wuce maiɗakina ta ce idan ban je ba ita za ta je ta ce na gudu Kano. Na je. Na tarar da Inna a kan kujera ta fuskanci alƙibla, ta idar da azahar. Na zauna a ƙasa kusa da ita, na fara ba ta labarin abin da na yi, tun daga agogo. Ba ta bar ni na kai ƙarshe ba.

Ta ce, "Alhaji, ai ina kallonka ranar. Na ga bayanka lokacin da abin ya ɗauke. Bayan mutum ba ya ɓoye komai."

Na ce, "To Inna, don me kika ce mana ya yi?"

Ta ja carbi biyu uku. Ta ce, "Shi ma haka na yi masa. Shekarar da ya shimfiɗa wayar nan, bai daidaita abin ba da farko. Kwana tara ina salla a kan ƙanƙara ina ce masa ya yi. Yaro ya fasa ɗaki, ya yi ta fama, ya zo yana kallon fuskata, me zan ce masa? Da ya gane, ranar na ga fushin Isufu. Ya ce, Inna, kin hana ni aikina. Ya sa na yi masa alkawari ba zan ƙara ɓoyewa ba." Ta ce, "Shi na yi wa alkawarin. Ku baƙi ne, kun zo taimako."

Ta ce, "Yanzu goshi ya huta, haka Allah ya so. Amma ƙafafun nan suna ƙasa, kuma suna jin ɗumin idan ya zo. Asuba ta fara matsawa, jiya ya fara hucewa kafin in idar. Yau Juma'a ce. Ka tashi ka matsar mini da shi."

Mutumin kamfanin ya rubuta mana matakan a takarda, Bulus ya mayar mini da su Hausa da manyan baƙaƙe, takardar tana aljihuna. Na tashi, na sa tabarau, na tsaya gaban bangon. Na karanta mataki na farko sau uku. Na ɗaga hannu, na sauke shi ban taɓa maɓalli ba. Na daɗe a tsaye. Daga baya na ce mata zan dawo tare da Bulus ranar Asabar. Ta ce, "To, Allah ya kai mu." Na fita ban kalli kowa ba.

Ya Allah, ga bawanka Isufu ya zo maka. Ya bi mahaifiyarsa da abin da hannunsa ya iya, ya sauƙaƙa mata sujada a ƙasar da ba tasu ba. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanya masa ni'ima a makwancinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Hajiya Zainabu haƙuri da ƙarfin riƙon gida, ka raya 'ya'yansa a kan tafarkin da ya bar su, ka haɗa su da masu tausayi. Ka saka wa Bulus da alheri bisa amanar da ya riƙe. Inna Rabi kuma, ka rubuta mata ladan kowace sujada da zuciyarta ta yi gwiwarta ta kasa. Mu da muka rage, ka yafe mana abin da muka ɓata da kyakkyawar niyya, ka sa mu cika da imani. Amin.

Abin da na rubuta a nan, wani na gani da idona, wani Bulus ya faɗa mini, wani Hajiya Zainabu. Zancen kwana taran nan kuwa, da fushin da Isufu ya yi, ba wanda ya san shi a garin nan, ko matarsa. Inna Rabi ce ta faɗa mini, tana zaune a kan kujera, ƙafafunta biyu a kan tayil.